Yadda zaka haɗa bargo da tsofaffin nektai

Duk mai shiga layin 'yan gwanjo, ko Ƙofar Wambai ce a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna, yasan akwai wani tari da ba kowa ke ko kallonsa ba, tarin nektai. Ana kwance dila riguna su tafi, wanduna su tafi, kwat ma ta samu mai so idan sanyi ya shigo, amma nektai sai dai ma'aikacin banki ko lauya ko ɗalibin da zai je intabiyu yazo ya zaɓi guda ɗaya ya wuce, sauran suyi ta shan ƙura. Alhali kuwa in ka ɗauki ɗaya ka shafa zaka ji yadi ne na gaske, da yawansu siliki ne zalla, ga launi ga zane mai kyau da ba zaka samu irinsa a yadin aunawa da araha ba. Toh da su ake yin bargon da zan yi bayani, kuma ko telan da bai daɗe da fara taka keke ba zai iya, in dai yana da haƙuri.

A Amurka abin ya daɗe. Tun shekarun 1880 mata can suke yayin haɗa guntayen siliki da karammiski barkatai suyi abin shimfiɗa na ado, yayin da ya taso bayan babban baje kolin da akayi a Filadelfiya a 1876, kuma tsofaffin nektai na mazajensu na cikin abin da suke yankawa. Yau kuma da yawa daga masu yi don tunawa suke yi, uba ko kaka ya rasu ya bar nektai cike da durowa, sai a ɗinke su a wuri ɗaya kowa ya riƙa gani. Shi kansa ɗinkin hawa uku, wato yadi sama, cika a tsakiya, yadi a ƙasa a bi da zare, ba baƙo bane a wajenmu, haka ake yin lifidin da ake sawa dawakai a hawan sallah. In naka nektai ɗin na mamaci ne dai ka tuna kayan gado ne komai ƙanƙantarsu, ka nemi yardar magada kafin ka sa almakashi.

Abu ɗaya ne in ka gane shi ka gama rabin aikin. Nektai ba a miƙe ake yanka shi daga jikin yadi ba, a karkace ake yanka shi, digiri 45, abin da teloli ke cewa bayas. Wani mai ɗinka nektai a New York mai suna Jesse Langsdorf ne ya fito da wannan tsarin a shekarun 1920, yanki uku a karkace a haɗa, saboda in an ɗaura ya sauka a miƙe bai murɗe ba, in an kwance kuma ya koma yadda yake. Wannan yayi wa mai ɗaurawa daɗi amma kai mai ɗinki matsala ce, don yadin da aka yanka a karkace miƙewa yake kamar danƙo, kana turashi ƙarƙashin allura yana ƙara tsawo, ka yanka guda biyu daidai wa daida ka gama ɗinki ka ga ɗaya ya fi ɗaya da rabin inci. Shi yasa duk wanda ya ɗauki nektai ya jera ya hau ɗinke su da juna kai tsaye yake ƙarewa da abu mai tudu da kwari wanda ko guga ba ta kwantar dashi. Maganin kawai kar ka bar yadin nektai ya tsaya da ƙafarsa, dole a bashi abin da zai kwanta a kai.

Wajen siya, don bargo na mutum ɗaya mai faɗin inci 56 da tsawon inci 72 ka nemi nektai kamar 35 zuwa 40, gara su yi saura don wasu sai ka buɗe zaka ga basu da amfani. Ka fi neman masu faɗi, irin na shekarun 1970 ɗin nan da wani yakan kai inci 5 a ƙasa, su ne masu auki, siraran zamani ba abin da zaka samu a jikinsu. Na saƙa irin mai kama da safa ka barshi. Kowanne ka ɗaga shi sama wajen haske ka duba, ka ɗan ja shi a hankali, in kaji yana ƙara kamar zai yage ko kaga ya fara tsagewa a kan layin ninki toh silikin ya mutu, ajiye musu kayansu. Kuma dan Allah kar ka kwaso masu duhu kaɗai. Yawancin nektai shuɗi ne mai duhu da ja mai duhu da ruwan toka, in baka nemo masu haske ba, ruwan ɗorawa, ruwan madara, shuɗi mai haske, bargon zai fito dunƙum ba a gane zanen komai. Ko kashi ɗaya cikin uku su zama masu haske.

Ga wata magana da ya kamata a faɗa tun yanzu. Siliki zalla haramun ne namiji musulmi ya saka, kuma akwai hadisin Huzaifa a Bukhari da ya haɗa har da zama a kansa, shi yasa mafi yawan malamai suka sa shimfiɗa da mayafi a cikin hanin. Don haka in namiji ne zai lulluɓa ka tsaya kan na roba wato foliyesta, wanda dama shi yafi yawa kuma yafi jure wanki, na silikin kuma a yiwa mata ko ayi na ratayewa a bango. Bambance su ba wuya, lebul ɗin baya yakan faɗa, in babu ka zaro 'yan zare daga ciki ka kusanta da ashana, siliki warin ƙonannen gashi yake kuma tokarsa murƙushewa take a yatsa, roba kuma narkewa take ta dunƙule tayi tauri.

Sai farkewa. Juya nektai ta baya, zaka ga wani ɗan ɗinki mai kauri a kusa da kowane ƙarshe da ya riƙe bakin, yanke shi da reza, cire lebul da ɗan madaukin da ake zura wutsiya. In mai kyau ne zare ɗaya ne tal ya bi tsawon bayan gaba ɗaya, kana kama bakinsa ka ja zai zaro suuu nektai ya buɗe, wallahi har daɗi abin yake. Masu araha ne sai ka bi da reza kaɗan kaɗan. A ciki akwai wani ƙyalle mai kauri fari ko ruwan toka, na ulu ko na roba, cire shi, ka tara su ko cikon filo zasu yi. Shafin da ke bakin nan mai kusurwa shima ka farke ko ka yanke. Lebul ɗin kar ka zubar musamman in na wani naka ne, a bayan bargon ake jera su. Nektai ɗin manya tsawonsa kamar inci 57 ne, in ya buɗe faɗin ƙasan yakan kai inci 7 ko 8 ya tafi yana sirancewa.

Sai ka farke zaka wanke, ba kafin ba, don ƙyallen cikin nan in ya sha ruwa tsukewa yake ya murɗe komai. Ruwan sanyi, ɗan shamfu na gashi ko sabulu mara ƙarfi, banda omo banda bilic, siliki baya shiri dasu. Ware jajaye daban don suna zuba, kar ka jiƙa su da masu haske ko na minti biyar. Kar a cuɗa kar a murɗe, a ɗan motsa a ɗauraye a naɗe cikin tawul a matse, a shanya a inuwa. Wanda ya lalace a wannan wankin ka gode Allah da ya lalace yanzu ba bayan ya shiga tsakiyar bargo ba. Guga kuma ta baya, wuta kaɗan, da ɗan farin ƙyalle a sama, kuma danna dutsen zaka riƙa yi kana ɗagawa, kar ka ja shi gaba da baya don ja ɗin ne ke miƙar da yadin. In dutsen gawayi ne ka bari ya huce sosai ka gwada a wutsiya tukuna, na roba nan take yake ƙyalli ko ya narke.

Yanzu abin da zai kwanta a kai. Hanya biyu ce. Ta farko ka manna gam ɗin nan da teloli ke sawa a kwala da guga, mafi laushi mara nauyi, a bayan kowane nektai kafin ka yanka, yana aiki amma kuɗi ne kuma in gam ɗin mai kauri ne bargon zai zama kamar an sa masa sitati, ba daɗin lulluɓa. Ni ta biyu nafi so, wato a ɗinka kan akoko. Ka sayi akoko ko wani farin yadin auduga mara kauri yadi 4, wanke shi da farko don yana tsukewa, goge, ka yanka murabba'i 48 kowanne inci 9 da inci 9, a miƙe da zaren yadin ba a karkace ba. Wannan akokon shi zai riƙe komai, ba za a ganshi ba a ƙarshe amma shi ne ke hana silikin yawo.

Yanka nektai ɗin tsiri tsiri a tsawonsu, faɗin inci ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, ba sai sun zo daidai ba, hasali ma in wani gefen ya fi wani faɗi yafi kyau. Kana yanka kana kauce wa tabon miya da yake yawan zama a gaba wajen ƙirji, da wurin ƙulli da ya sha murza, da layin ninki in ya koɗe. Inda aka haɗa yanki da yanki a tsakiyar nektai ba laifi ka barshi ya shiga.

Ɗauki akoko ɗaya ka ajiye. Tsirin farko ka kwantar dashi daga kusurwa zuwa kusurwa, fuskarsa na kallon sama, yana buƙatar tsawon kamar inci 13 da rabi don ya rufe kusurwoyin. Ɗauko na biyu ka kifa shi a kan na farko, fuska da fuska, bakinsu ɗaya a daidai, ka ɗinka kwata na inci daga bakin, allura ta ratsa su biyun har da akokon. Buɗe na biyun ya kwanta, danna da guga. Na uku ka kifa a kan na biyu, ɗinka, buɗe, danna. Haka har ka kai kusurwa, sai ka juyo ɗaya ɓangaren kayi irin haka. Guntayen da suka rage su ake sawa a kusurwa tunda can gajeru ake so, kaga ba abin da ake zubarwa. Kar ka tsallake gugar nan tsakanin tsiri da tsiri don gaggawa, in baka danna ba zai ɗan kumbura kuma na gaba zai ɗinke kumburin a ciki har abada. Kuma hannunka kar ya ja tsirin, ka barshi kawai ya bi akokon, keke ce zata ja.

Allura ka sa siririya sabuwa, lamba 11, lamba 14 ko 16 da ake ɗinka shadda da jins tana huda siliki ta ja zare. Ko tsohuwar Butterfly ta ƙafa ta isa wannan aikin, ba sai injin wuta ba. Zare ruwan toka yana shiga da kowane launi, ba sai kayi ta canzawa ba.

In ka rufe akokon duka, juya shi ta baya, ɗora kwali da ka yanka inci 8 da rabi cif, zana da alli ko biro ka yanke abin da ya fito. Sannan ka bi gefen da ɗinki ɗaya kusa da baki sosai don kar tsirin su buɗe. Kwalin nan guda ɗaya zaka yi amfani dashi ga duka 48 ɗin, in ya fara cinyewa a baki ka auna ka yanka sabo.

Wata dabara da ke sa aikin ya fito kamar na ƙwararre, tsirin tsakiyar nan na farko ka sa shi launi ɗaya a dukkan murabba'an, misali baƙi ko shuɗi mai duhu, faɗinsa ɗaya, ko da ba nektai bane ragowar shadda ce. In ka zo jerawa ka riƙa juya su huɗu huɗu, sai layukan su haɗu su bada zanen daimon a duk faɗin bargon, hayaniyar launukan ta samu abin da ya tsare ta. Ka shimfiɗa su a ƙasa kan zanin gado, 6 a faɗi 8 a tsawo, ka hau kujera ka ɗauki hoto da waya ka maida hoton baƙi da fari, nan take zaka ga inda duhu ya taru wuri ɗaya sai ka sassauya. Kar ka tsaya neman sai komai ya dace da komai, ba zaka gama ba.

Haɗa su layi layi da kwata na inci, kowane murabba'i zai koma inci 8, gaba ɗaya 48 da 64. Wajen mahaɗa akwai kauri don haka ka buɗe ɗinkin ta baya ka goge shi a buɗe, ka sa fil a kowace mahaɗa kafin ka haɗa layi da layi in ba haka ba kusurwoyi ba zasu haɗu ba. Sai ka zagaye da yadi mara zane, tsiri mai faɗin inci 4 da rabi, shi zai kai ka 56 da 72. Tsawon wannan tsirin ka auno shi daga tsakiyar bargon ba daga gefe ba, gefe yakan ɗan saki, in ka bi shi bakin zai yi ta lanƙwasa.

Maganar cika, gaskiya a yanayinmu ba dole bace. Siliki da akoko da yadin baya sun riga sun yi nauyi, su kansu na Amurka na da ɗin nan yawanci ba a sa musu cika. In don hunturu ne ko kana wuri mai sanyi irin Jos, sa faiba, wato audugar roba ta cika, mafi siranta ko tsohon zanin gado na auduga mai laushi. Soso kam a'a. Bayan kuma atamfa ta auduga tafi, bata zamewa daga kan gado, turmi ɗaya ya isa har da saura, a wanke a yanka biyu a haɗa ya zama kamar 60 da 76, wato ya ɗan fi saman ta kowane gefe.

Shimfiɗa bayan a ƙasa fuskarsa na kallon ƙasa, ja shi ya miƙe ka danne gefuna da wani abu mai nauyi, ɗora cika in akwai, ɗora saman. Fara daga tsakiya kana shafawa zuwa waje kana sa fil mai rufewa duk bayan faɗin tafin hannu, ko ka bi da zare da manyan taku wanda zaka zare daga baya. Daga nan ko ka bi kan layukan mahaɗa da keke, ka ƙara tsawon ɗinkin ka sassauta dannin ƙafar keken, kana farawa daga tsakiya, ko kuma kayi abin da ni nake ganin yafi sauƙi kuma yafi dacewa da siliki, ƙulli. Zaren saƙa mai ƙarfi da babbar allura, a kowace mahaɗa da tsakiyar kowane murabba'i ka soka ƙasa ka dawo sama, sau biyu, ka ƙulla gam ka yanke ka bar kamar rabin inci. In baka son ganin bakin zaren a sama kayi ƙullin ta baya. In ka sa faiba ka ƙara yawan ƙullin, tazarar kar ta wuce inci 4, don kar ta dunƙule a wanki.

Rufe baki shi ne na ƙarshe. Datse abin da ya fito, yanka tsiri 7 masu faɗin inci 2 da rabi daga yadin auduga mai faɗin inci 45, rabin yadi ya isa, haɗa su dogo ɗaya, ninka biyu a tsawo ka goge. Ɗinka ta sama bakinsa da bakin bargon, juya shi baya ka kama da hannu ko da keke. Wasu suna son yin wannan da wutsiyar nektai tunda dama bayas ce kuma tana da kyau, amma baki shi ke fara cinyewa a bargo, in na amfani ne kullum sa auduga, in na bango ne toh sa wutsiyar.

Wanki ba kullum ba, a riƙa kaɗewa ana shanyawa a inuwa ya sha iska, in ya kama dole ruwan sanyi da hannu, a shanya shi a kwance kan tabarma ko a kan igiya biyu uku don nauyin ruwa kar ya ja shi. Rana tana cin siliki, kar a rataye shi inda take dukansa ta taga. In za a ajiye bayan sanyi a naɗe cikin tsohon zani ba leda ba, kafur a gefe kar ya taɓa yadin.

In nektai ɗinka basu kai ba, ace goma ko ashirin ne na mahaifinka kuma baka son haɗawa da na kasuwa, kayi ƙarami. Yanka kwali mai siffar fiffike, sama faɗi ƙasa siriri, kusurwarsa digiri 18, guda 20 suke cika da'ira, kowane nektai zai baka biyu ko fiye. Anan kam sai ka manna gam ɗin a baya kafin ka yanka tunda ba akoko. Haɗa su gefe da gefe su zama faranti, ɗora kan baƙin yadi ka kama bakin, rufe ramin tsakiya da wani ɗan zagayayyen yanki. Turawa suna kiran wannan zanen farantin Dresden, yayi tashe a Amurka a shekarun 1920 da 1930. Guda ɗaya ya isa rigar filon kujera, in 'yan uwa da yawa ne kowa sai a yi masa nasa.